Dakta Martha Hughes Cannon: Tambayoyi da Amsoshi Kan Likitar da Ta Shiga Majalisar Dattawan Utah a 1896

Duk inda aka ambaci sunan Martha Hughes Cannon a Amurka, labarin da ake fara kawowa shi ne ta tsaya takara da mijinta ta kayar da shi. Labarin gaskiya ne, amma ya danne abin da ya fi shi nauyi, wato aikin da ta je majalisa ta yi a matsayinta na likitar da ta san cututtukan da ke kashe mutanen garinta. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi game da ita.

Wace ce Martha Hughes Cannon?

Likita ce, 'yar gwagwarmayar nema wa mata 'yancin zaɓe, kuma mace ta farko da aka zaɓa zuwa majalisar dattawan wata jiha a Amurka. An haife ta ranar 1 ga Yuli, 1857 a yankin Llandudno da ke arewacin Wales a Birtaniya, ta rasu ranar 10 ga Yuli, 1932 a birnin Los Angeles tana da shekara 75. 'Yan gida da abokai Mattie suke kiranta. Yana da kyau mai karatu ya san cewa kusan kowace jiha a Amurka tana da majalisu biyu nata na kanta, ta wakilai da ta dattawa, saboda haka kujerar da ta hau ta jihar Utah ce, dabam da kujerar sanatocin da ke zama a Washington.

Yaya aka yi 'yar Wales ta tashi a yammacin Amurka?

Addini ne ya kawo iyayenta. Peter Hughes da matarsa Elizabeth sun shiga cocin da aka fi sani da cocin Mormon, wanda a wancan lokaci yake kiran mabiyansa na Turai su yi ƙaura zuwa kwarin Salt Lake da ke Utah, inda shugabansu Brigham Young ya kafa gari a 1847. Iyalin sun shiga jirgin ruwa a Liverpool a 1860, suka zauna a New York na wani lokaci saboda rashin kuɗi da rashin lafiyar maigida, sannan a 1861 suka bi ayarin kekunan shanu zuwa Utah. Layin dogo bai haɗe gabas da yamma ba sai 1869, don haka tafiya ce ta watanni cikin rana da ƙura. Ƙanwarta Annie, wadda ba ta kai shekara biyu ba, ta rasu a hanya aka binne ta a daji. Mahaifin kuma ya cika kwana uku kacal bayan isowarsu Salt Lake, a watan Satumba na 1861. Martha tana da shekara huɗu ta zama marainiya. Daga baya mahaifiyarta ta auri wani kafinta mai suna James Paul, wanda ya riƙe yaran ya kuma goya wa Martha baya a karatunta.

Me ya kai ta karatun likita a zamanin da mata ba su cika yin sa ba?

Buƙata ce ta buɗe ƙofar. Elizabeth Blackwell, mace ta farko da ta sami digirin likita a Amurka, a 1849 ta kammala, kuma shekaru ashirin bayan haka yawancin makarantu ba su fara karɓar mata ba. Amma a Utah mata suna mutuwa wajen haihuwa, likitoci ba su da yawa, mutane kuma ba sa son namiji ya karɓi haihuwar matansu. A 1873 Brigham Young ya fito fili ya ce lokaci ya yi da mata za su je su koyo likitanci. Romania Pratt da Ellis Shipp suna cikin waɗanda suka fara amsa kiran, suka yi karatu a Philadelphia suka dawo.

Martha tana ganin duk wannan daga wuri mai kyau, domin tun tana budurwa take aikin jera haruffan ɗab'i, da farko a jaridar Deseret News, daga baya a jaridar mata ta Woman's Exponent. Mai wannan aiki yana tsintar haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya yana jera su har layi ya cika, don haka babu wata muhawara kan mata da ilimi da zaɓe da ba ta bi ta tafin hannunta ba. Da kuɗin wannan aiki ta yi karatun kimiyyar sinadarai a Jami'ar Deseret, wadda ita ce Jami'ar Utah a yau. A 1878 ta tafi Jami'ar Michigan, wadda ta fara karɓar mata a 1870, tana wanke kwanuka da gyaran gadaje a gidan da take kwana don rage kuɗin haya. Ta karɓi digirin likita ranar 1 ga Yuli, 1880, ranar da ta cika shekara 23. Bayan ta ɗan yi aiki a garin Algonac na jihar Michigan, sai ta wuce Philadelphia ta ƙara digirin kimiyya a Jami'ar Pennsylvania a 1882, inda ita kaɗai ce mace a ajinsu.

A daidai lokacin kuma ta yi wani karatu da mutane kan yi mamakinsa: ta shiga makarantar koyon fasahar jawabi ta sami shaida. Likitar da ke nufin zama a ɗakin duba marasa lafiya kawai ba ta buƙatar wannan. Tun a lokacin tana da niyyar tsayawa gaban jama'a ta yi musu magana kan lafiyarsu.

Wane irin aiki ta tarar da ta koma gida?

A 1882 ƙungiyar matan cocin ta buɗe Asibitin Deseret a Salt Lake, Martha kuma ta zama likitar da ke zaune a asibitin har zuwa 1886. Ƙaramin asibiti ne da ke rayuwa da gudummawar jama'a, mata ne ke tafiyar da mafi yawan al'amuransa. Cututtukan zamanin su ne zazzaɓin taifot, mashaƙo, ƙyanda, agana, tarin fuka da gudawar jarirai, ga kuma zazzaɓin da ke kama mace bayan haihuwa. Ruwan da ke gangarowa daga duwatsu ta lambatu yake bi a gefen tituna, mutane da dabbobi duk suna amfani da shi, rijiyoyi kuma kusa da masai ake haƙa su.

Ta yi sa'ar lokacin karatu. A 1880 aka gano ƙwayar cutar taifot, a 1882 Robert Koch ya gano ta tarin fuka a Jamus, ta mashaƙo kuma ta biyo baya a 1883 da 1884. Sai dai sanin ƙwayar cuta bai ba likita maganinta ba, domin magungunan kashe ƙwayoyin cuta sai a ƙarni na ashirin suka zo. Likitan wancan zamani zai iya jinyar mai taifot da ruwa da abinci mai sauƙi da haƙuri, amma ba shi da ikon rufe rijiyar da ta sa masa cutar, ko hana maƙwabta shiga gidan da mashaƙo ya ɓulla. Wannan iko na hukuma ne, kuma a ganina daga nan ne hanyarta zuwa majalisa ta faro.

Me ya sa aka ɗaura aurenta a ɓoye?

Saboda dokar tarayya ta haramta shi. Ranar 6 ga Oktoba, 1884 ta auri Angus Munn Cannon, babban jigo a cocin kuma ɗaya daga cikin masu kula da asibitin, wanda ya girme ta da shekara 23. Ita ce matarsa ta huɗu. Majalisar Amurka ta haramta auren mace fiye da ɗaya a yankunan da ke ƙarƙashin tarayya tun 1862, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haramcin a 1879, sannan dokar Edmunds ta 1882 ta ƙara tsananta abin: duk wanda aka samu yana zaune da mace fiye da ɗaya a matsayin matansa zai iya shan ɗaurin wata shida da tarar dala 300. A lokacin Utah ba ta zama jiha ba tukuna, daga Washington ake turo mata gwamna da alƙalai. Angus kansa an kama shi a 1885, shari'arsa ta kai Kotun Ƙoli, ya kuma yi zaman kurkuku.

Auren nasu daidai yake da auren mace fiye da ɗaya da Musulmi suka sani?

A'a. Cocin Mormon ya ɗauki abin a matsayin umarnin addini da ke ɗaukaka darajar mutum a lahira, kuma bai sa iyaka ta huɗu ba. Angus ya ƙara mata biyu bayan Martha, suka zama shida. Ga kuma bambancin da doka ta haifar. Matar da aka aura a ɓoye ba ta da damar kiran mijinta miji a bainar jama'a, babu rabon kwana da za a iya tsayawa a kai, cikin da ta ɗauka kuma hujja ce da mai gabatar da ƙara zai kai kotu. Babban cocin ya sanar da daina ɗaura irin wannan aure a 1890 ta bakin shugabansa Wilford Woodruff.

Me ya sa ta gudu zuwa Ingila?

Ta haifi 'yarta ta fari, Elizabeth, a watan Satumba na 1885, daga nan jami'an tarayya suka shiga nemanta ruwa a jallo. Shaidarta tana da haɗari ta fuska biyu. Za ta iya mayar da mijinta kurkuku, sannan a matsayinta na likita ta karɓi haihuwar matan wasu mazaje masu mata da yawa, ta san wace jaririya ce ta wane gida. Da an sa ta rantsuwa a kotu, sirrin marasa lafiyarta ne zai zama makamin ɗaure mazajensu. A watan Afrilu na 1886 ta ɗauki jaririyarta ta tsallaka teku, ta zauna a Ingila da sunan aro na Maria Munn, tana raɓe a gidajen dangi, daga baya ta leƙa Faransa da Switzerland tana ziyartar asibitoci da makarantun jinya. Sai ƙarshen 1887 ta dawo.

Abin da ta gani a Turai bai tafi a banza ba, domin da ta dawo ta buɗe makarantar horar da ma'aikatan jinya, wadda ake lissafa ta a matsayin ta farko a Utah. Amma tsugune ba ta ƙare ba. A 1890 ta haifi ɗanta James, ta sake barin gari, wannan karon zuwa San Francisco. Cikin shekaru goman da ya kamata a ce tana gina sunanta a aikin likita, sau biyu ta rufe ɗakin duba marasa lafiya saboda ta haihu.

Shin ta ji daɗin wannan zaman aure, ko kare shi kawai take yi?

Duka biyun suna nan, kuma ba adalci ba ne a ɗauki ɗaya a bar ɗaya. A gaban 'yan jarida ta kare tsarin da ƙarfinta. Bayan zaɓen 1896 ta shaida wa wata jaridar San Francisco cewa matar da mijinta ke da mata huɗu tana samun makonni uku na 'yanci a kowane wata, ta kuma ce macen da tunaninta ya wuce murhu da wanki ita ce ta fi iya tarbiyyar 'ya'ya. Wasiƙun da ta riƙa aika wa Angus daga Ingila, waɗanda aka adana aka kuma buga daga baya, wata murya ce dabam. A cikinsu akwai kewa, da kishi mai zafi game da amaryar da ya yi a daidai lokacin tafiyarta, da ƙorafin rashin kuɗi, da baƙin cikin cewa ba ta taɓa samun gida nata da miji zai shigo da rana tsaka ba. Akwai kuma ƙaunarsa da imaninta da addinin, waɗanda ba ta bari ba har ƙarshen rayuwarta. Duk macen da ta zauna da kishiya ta san mutum zai iya yarda da abu a zuciyarsa alhali abin yana cin sa. Littattafan da take rubuta al'amuranta na yau da kullum an ƙone su bayan rasuwarta bisa wasiyyarta, shi ya sa waɗannan wasiƙu suke da daraja sosai a wurin masu tarihi.

Yaya matan Utah suka sami damar zaɓe tun kafin sauran matan Amurka?

Sau biyu suka same ta. Majalisar yankin ta ba su ƙuri'a a watan Fabrairu na 1870, watanni biyu bayan Wyoming, kuma matan Utah ne suka riga kowa jefa ta a ƙarƙashin irin wannan doka. A 1887 majalisar tarayya ta ƙwace wannan dama da dokar Edmunds-Tucker, ba tare da ta bambanta matar da ke da kishiya da wadda ba ta da ita ba. Martha ta shiga sahun masu neman a maido da ita, ta yi jawabi a babban taron mata da aka yi lokacin baje kolin duniya na Chicago a 1893. Da aka zauna rubuta tsarin mulkin jiha a 1895, an kai ruwa rana kan batun, domin wasu suna tsoron zai jawo Washington ta ƙi amincewa da jihar, amma a ƙarshe aka saka 'yancin mata na zaɓe da na riƙe muƙami. Utah ta zama jiha ranar 4 ga Janairu, 1896. Sauran matan ƙasar sai 1920 tsarin mulkin tarayya ya tabbatar musu da ƙuri'a.

Da gaske ta kayar da mijinta a zaɓe?

Da gaske ne, amma ba su biyu kaɗai aka gwabza ba. Mazaɓarsu ta gundumar Salt Lake tana da kujeru biyar, 'yan takara goma suka tsaya, biyar daga jam'iyyar Democrat, biyar daga Republican, waɗanda suka fi ƙuri'a su biyar su ne za su shiga. Martha tana cikin 'yan Democrat, Angus yana cikin 'yan Republican, tare da Emmeline B. Wells, editar jaridar matan da Martha ta yi wa aikin jera haruffa. A zaɓen ranar 3 ga Nuwamba, 1896 'yan Democrat suka kwashe kujerun biyar duka. Martha ta sami ƙuri'u sama da 10,000, mijinta kuma kimanin 8,000.

Guguwar siyasa ta taimaka mata. A shekarar William Jennings Bryan ya nemi shugabancin ƙasa da alkawarin mayar da azurfa kuɗi tare da zinariya, Utah kuwa ƙasar haƙar azurfa ce, saboda haka ya lashe sama da kashi 80 cikin 100 na ƙuri'un jihar, 'yan jam'iyyarsa suka bi bayansa. Jaridu sun ji daɗin labarin miji da mata. Jaridar Salt Lake Herald, mai goyon bayan Democrat, ta rubuta cewa a tura matar majalisa a bar mijin ya kula da gida. Auren bai mutu saboda wannan ba.

Ita ce mace ta farko da ta shiga majalisar jiha?

A majalisar dattawa, ita ce. A ta wakilai kuwa Colorado ta riga, domin ta zaɓi mata uku a 1894. A zaɓen da Martha ta ci ma an zaɓi Sarah Anderson da Eurithe LaBarthe zuwa majalisar wakilan Utah.

Waɗanne dokoki ta kawo?

Nan ne ainihin labarin. A wancan lokaci majalisar Utah sau ɗaya take zama a shekara biyu, kwana 60 kawai, don haka wa'adinta na shekara huɗu zama biyu ne, na 1897 da na 1899, tana ita kaɗai mace cikin sanatoci 18. Ba ta ɓata lokaci ba. A zaman farko ta gabatar da ƙudirori uku da suka zama doka.

Na farko ya tilasta ilimantar da yara kurame da bebaye da makafi, waɗanda sau da yawa ake barin su a gida ba karatu ba sana'a. Jihar tana da makarantarsu a garin Ogden, kuma Martha ta bi bayan dokar da neman kuɗin gina wa makarantar wurin jinya, ta kuma zauna a kwamitin da ke kula da ita. Na biyu ya shafi lafiyar mata da 'yan mata masu aiki, inda ya wajabta wa masu shaguna da sauran wuraren aiki su tanadar musu kujerun zama a lokacin da babu aikin da ke buƙatar tsayuwa. Wani zai ga abin ƙarami ne. Likitar da ta duba ƙafafun matan da ke wuni tsaye a bayan kanta tun safe har dare, wasu da ciki, ta san ba ƙarami ba ne.

Na uku shi ne mafi girma: dokar kafa Hukumar Lafiya ta Jiha, wadda ta kama aiki a 1898. Massachusetts ta kafa irin wannan hukuma tun 1869, jihohi da yawa sun bi sahu, Utah kuwa ta shiga tarayya ba ta da wata cibiya guda da ke tattara labarin annoba ko ba da umarni a kanta. Gwamna Heber M. Wells, ɗan Republican, ya naɗa Martha cikin mambobin farko, ta zama mai yin doka kuma mai aiwatar da ita. A zaman 1899 ta kawo dokar da ta ba hukumar haƙora, mai bayani kan killace masu cututtuka masu yaɗuwa, kawar da ƙazantar da ke cutar da jama'a, takardar izinin binne gawa, lafiyar makarantu da dabbobi marasa lafiya. Takardar binne gawa tana da muhimmancin da ba kowa ke lura da shi ba, domin da ita ce hukuma ke sanin abin da ke kashe mutane da unguwar da yake kashe su. Ta kuma tsaya wa dokar tsabtar abinci, a zamanin da ake sayar da madara da nama babu mai dubawa.

Idan aka jera waɗannan dokoki za a ga duk daga ɗakin jinya suka fito. Ba ta je majalisa don ta zama abin nuni ba, kuma ba ta ɓata kwanakinta 120 kan abin da ba ta sani ba.

Jama'a sun karɓi aikin hukumar lafiyar hannu bibbiyu?

Ba duka ba. Gwajin farko ya zo da annobar agana da ta ɓulla a ƙarshen 1899. Hukumar, wadda Dakta Theodore Beatty ke riƙe da sakatariyarta, ta ba da umarnin kada a bar yaron da ba a yi wa lamba ba ya shiga makaranta. Iyaye da yawa suka yi tirjiya, jaridar Deseret News ta riƙa sukar tilasta rigakafin, duk da cewa shugabannin cocin sun shawarci mabiyansu su yi. Kotun ƙolin jihar ta goyi bayan hukuma a 1900, amma a 1901, bayan Martha ta bar kujerarta, majalisa ta zartar da dokar hana tilasta rigakafi. Gwamna Wells ya ƙi sa hannu, 'yan majalisa suka tsallake shi da rinjaye. Wannan koma baya ne babba, kuma agana ta daɗe tana yawo a jihar. Hukumar dai ta tsira, ita ce ta girma ta zama ma'aikatar lafiyar Utah.

Ba 'yar amshin shatan shugabannin coci ba ce?

Abin da ya faru a 1897 ya amsa wannan. A lokacin 'yan majalisar jiha ne ke zaɓen sanatan da zai tafi Washington, domin sai 1913 aka mayar da zaɓen hannun jama'a. Cikin masu nema akwai Moses Thatcher, wanda aka cire daga majalisar manyan cocin a 1896 saboda ya ƙi sa hannu a takardar da ta ce manyan jami'an coci su nemi izini kafin shiga takara. Shugabannin ba sa son ya ci. Mijin Martha jigo ne, ɗan'uwansa George Q. Cannon kuma yana cikin mutum uku da ke saman cocin gaba ɗaya. Duk da haka ta mara wa Thatcher baya a fili. Joseph Rawlins ne ya yi nasara, amma kowa ya ga cewa ƙuri'arta tata ce. A 1898 kuma ta je Washington ta yi bayani gaban wani kwamitin majalisar wakilai kan yadda zaɓen mata ke tafiya a Utah.

Me ya kawo ƙarshen siyasarta?

Haihuwa ta uku. Ta halarci zaman 1899 da tsohon ciki, a watan Afrilu ta haifi Gwendolyn. Shekara tara ke nan da sanarwar 1890, kuma an karɓi Utah cikin tarayya ne bisa sharaɗin haramta auren mace fiye da ɗaya har abada. Lokacin ma ya yi muni, domin ƙasar tana cikin cece-kuce kan B. H. Roberts, mai mata uku da Utah ta zaɓa zuwa majalisar wakilan tarayya a 1898, wanda a ƙarshe aka hana shi kujerarsa a 1900. Jaririyar sanata ta zama labarin jaridun ƙasa baki ɗaya. An gurfanar da Angus aka ci shi tarar dala 100. Shi tara ya biya ya ci gaba da harkokinsa. Ita kuwa ba ta sake tsayawa takara ba, tana da shekara 42, a lokacin da ta fi kowane lokaci sanin aikin majalisa. Ta ci gaba da zama a hukumar lafiya na wasu shekaru.

Yaya ƙarshen rayuwarta ya kasance, ina kuma 'ya'yanta?

Rashin lafiya ya sa ta riƙa zama a California tun farkon ƙarni na ashirin. Angus ya rasu a 1915, daga baya ta tare a Los Angeles gaba ɗaya kusa da 'ya'yanta, tana aiki a wani asibitin da ke duba marasa galihu. Ta ga rasuwar autarta Gwendolyn a 1928 sakamakon tarin fuka, cutar da aka gano ƙwayarta a shekarar da ta gama karatu amma ba a sami maganinta ba sai a shekarun 1940. Da ita ma ta rasu a 1932 an mayar da gawarta Salt Lake aka binne ta. Ɗanta James H. Cannon ya kafa kamfanin Cannon Electric a Los Angeles, kuma daga wannan kamfani ne aka samo mahaɗin waya mai ƙafa uku da ake sa wa makirufo, wanda masu kayan sauti ke amfani da shi a ko'ina cikin duniya har yau.

Yaya ake tunawa da ita a yau?

An daɗe ba a ba ta haƙƙinta ba, kuma batun aurenta yana cikin dalilan, domin jihar ta shafe shekaru tana ƙoƙarin nesanta kanta da wancan tarihi. A 1986 aka sa sunanta a ginin hedikwatar ma'aikatar lafiyar Utah da ke Salt Lake, wanda a ganina shi ne karramawar da ta fi dacewa da ita. A 1996, shekara ɗari da zaɓenta, aka kafa mutum-mutuminta a majalisar jihar. Kowace jiha tana da damar ajiye mutum-mutumi biyu a ginin majalisar tarayya da ke Washington, na Utah kuwa a da su ne Brigham Young da Philo Farnsworth, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro talabijin. A 2018 majalisar Utah ta amince a maye gurbin Farnsworth da Martha, bayan muhawarar da magoya bayansa suka yi ta nuna rashin jin daɗi. An so a kai shi a 2020 don ya dace da cikar shekara ɗari da ba matan Amurka ƙuri'a, annobar korona ta jawo jinkiri. Mutum-mutumin tagulla da Ben Hammond ya ƙera an buɗe shi a Washington a watan Disamba na 2024.